Wudil da Tambayar da Ke Biyo Bayan Zaɓe: Alhakin Jinin Yana Wuyan Wa?

Duk wanda ya bar Kano ya nufi gabas, ko Dutse za shi, ko Azare, ko Maiduguri, sai ya taka gadar Wudil. Garin na da nisan kimanin kilomita 40 daga birni, a bakin kogin da ruwan Kano da na Challawa suka haɗu suka haifar, wanda ke gangarawa Haɗeja. Masunta da masu ɗibar yashi da manoman rani duk a jikin kogin suke ci. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 185 da ɗoriya. Amma abin da ya kai sunan Wudil nesa shi ne kara. Ranar Juma'a ana shigo da shanu daga Yobe da Borno da Nijar, dillali ya tsaya tsakanin mai dabba da mai saye, a yi ciniki a sallama, 'yan lodi su cika tireloli, su ɗauki hanyar kudu. Saniyar da aka yi cinikinta a Wudil, a mayankar Agege ko ta Ibadan ko ta Fatakwal take ƙarewa. Ga kuma Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, wadda aka kafa a 1988, take ɗibar ɗalibai daga kowace jiha. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa makarantu da asibiti, ga masu shagunan magani da kayan gyaran mota da suka zo daga kudu suka zauna. Arzikin Wudil da baƙo yake tafiya, kuma 'ya'yanta da yawa su ma baƙi ne a garuruwan wasu.

Shi ya sa gari irin wannan ya fi kowa haƙƙin tambayar wa ke da alhaki idan zaɓe ya rikiɗe ya zama farautar ƙabila. Amsata ita ce alhakin yana wuyan mutane masu suna da adireshi: wanda ya sara, wanda ya tara shi ya biya shi, da jami'in da aka ba amanar hukunta su ya naɗe hannu. Duk lokacin da aka ɗauke laifin daga kansu aka ɗora wa ƙabila, ko talauci, ko "'yan siyasa" a dunƙule, an wanke su ke nan, an kuma share fagen na gaba.

Mu koma watan Afrilun 2011. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga wata. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ba Goodluck Jonathan na PDP ƙuri'a kusan miliyan 22 da rabi, Janar Muhammadu Buhari na CPC kuma miliyan 12 da ɗoriya. Tun kafin a gama sanar da sakamako wuta ta kama a jihohin Arewa 12. A birnin Kano fushin ya fara ne a kan manyan gida, aka ƙona gidajen 'yan siyasar da ake ganin sun mara wa PDP baya, har da na tsohon kakakin majalisar wakilai Ghali Umar Na'Abba. A Zariya aka cinna wa gidan mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo wuta. Daga nan abin ya sauya fuska, ya koma kan coci-coci da shaguna da gidajen mutanen da ba su da wani laifi sai suna da harshe. A Jihar Bauchi aka kashe matasa 10 masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda aka tura aikin rumfunan zaɓe. A kudancin Kaduna, a Zonkwa da Kafanchan da Matsirga, aka juya kan Hausawa da Fulani Musulmi, kuma a nan aka fi zubar da jini. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa cikin kwana uku an kashe fiye da mutum 800, wasu fiye da dubu 65 suka rasa matsuguni, suka cika barikokin soja da ofisoshin 'yan sanda.

Uzurin farko da ake kawowa shi ne an yi maguɗi, kuma wanda aka sace wa ƙuri'a dole ya fusata. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Mutanen Kano sun ba Buhari fiye da ƙuri'a miliyan ɗaya da rabi, sun yi layi cikin rana, sun bi kiran "a kasa, a tsare, a raka", sai ga alkaluma daga wasu jihohin kudu maso kudu da kudu maso gabas suna ba ɗan takara ɗaya sama da kashi 95 cikin ɗari. Ga ciwon zaɓen 2007 bai warke ba, wanda shi kansa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yarda yana da tangarɗa. Ga kuma jin cewa an karya yarjejeniyar karɓa-karɓa ta PDP bayan rasuwarsa. To amma ko da an tabbatar da kowane aringizo, wa ya rubuta shi? Mai sayar da taya a bakin tasha bai taɓa ganin takardar tattara sakamako ba. Yarinyar da aka turo daga Enugu ta koyar da lissafi, aka ce ta zauna a rumfar zaɓe, ƙuri'ar unguwar da aka ajiye ta kawai ta ƙirga, kuma a yawancin rumfunan Arewa Buharin ne ya ci a hannunta. A shari'ar Musulunci da ta boko duka ba a kama wani da laifin wani. Fushi na iya zama halal, amma wanda ya karkatar da shi kan baƙon da ke cikin amanarsa ya ɗauki alhaki na kansa, kuma maguɗin wani can bai rage masa komai ba.

Uzuri na biyu ya fi shiga rai, domin masu tausayi ne ke kawo shi. Sukan ce yunwa ce, rashin aikin yi ne, yara ne da aka yasar a titi. Babu mai musun cewa matashin da ba shi da abin da zai rasa ya fi sauƙin ɗauka haya. Sai dai talauci ba ranar zaɓe yake zuwa ba. Yana nan kowace Juma'a a karar Wudil, inda yaron da bai karya ba yake kora saniyar da kuɗinta ya fi abin da zai samu a shekara, a gaban baƙon da ke ɗauke da maƙudan kuɗi, kuma a tashi kasuwa lafiya. Dubban talakawa sun ji zafin sakamakon 2011 kamar kowa, suka zauna a gida. Cewa talauci ne ya yi kisa cin fuska ne gare su. Abin da ke juya yunwa ta zama takobi shi ne shiri: wani ya tara 'yan daba tun lokacin kamfe, ya saya musu ƙwaya da makami, ya ba su mota, ya yi musu alkawarin beli. 'Yan jagaliya a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gombe, kowace ƙungiya an san iyayen gidanta a garinta. Bayan zaɓe ba a karɓe makaman, ba a kuma kwance ɗabi'ar.

Wannan ya kawo mu ga shugabanni, kuma a nan hujja ta fi ƙarfi. A 2015 Jonathan da Buhari ne suka sake karawa, ƙasar ta fi rabuwa, baƙi da yawa suka kwashe iyali suka koma garuruwansu tun kafin ranar zaɓe. Talaucin bai ragu ba, ƙabilun ba su canza ba. Abin da ya canza shi ne 'yan takara sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja a watan Janairu, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya riƙa bin su, kuma ranar 31 ga Maris Jonathan ya buga wa Buhari waya ya amince da shan kaye kafin a kammala sanarwa. Za a ce ai don Arewa ta samu abin da take so ne aka zauna lafiya. To me ya hana yankin Neja Delta, inda makamai ba su yi ƙaranci ba, ya afka wa Hausawan da ke can? Mutumin da za a yi faɗan dominsa ne ya rufe ƙofar da bakinsa. Haka a Kano bayan zaɓen gwamna na 2023: kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a watan Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu, gari ya yi zafi, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 12 ga Janairun 2024, kuma ba a mayar da rigimar kan baƙi ba. Idan kalmar shugaba na iya kashe wuta, to shirunsa da kalamansa masu harshen damo abin tuhuma ne. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu, wanda ya binciki rikicin bayan zaɓen ya miƙa rahotonsa a Oktoban 2011, ya lura cewa kiran a tsare ƙuri'a wasu magoya baya sun fahimce shi a matsayin izinin tayar da hankali. Wanda ke magana da taron dubbai ya wajaba ya auna yadda mafi zafin kai a cikinsu zai ji shi.

Akwai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a majalisu: "Ai mu ma an kashe namu, kuma namu sun fi yawa." Gaskiya ne, kuma zalunci ne yadda wasu jaridu suka yi ta maganar Bauchi suka tsallake Zonkwa. Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mutumin Zonkwa da ya ɗauki adda shi ma cewa ya yi labarin abin da aka yi wa nasa a Kaduna da Kano ne ya iso masa. Haka abin yake aiki: kowace al'umma tana riƙe da 'ya'yan ɗaya a matsayin jingina. Bawudilen da ya raka shanu zuwa Lokpanta a Jihar Abiya, ko yake zaune a Sabo ta Ibadan, tsaronsa yana rataye da tsaron mai shagon magani da ke kusa da gadar Wudil. An ga misalin wannan a 2021, lokacin da rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya ci rayuka da dukiyar 'yan Arewa, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu. Nama ya yi tsada a Legas, tumatir da albasa kuma suka yi kwantai a hannun manoman Arewa. Wanda ya taɓa baƙo da sunan kishin 'yan uwansa, 'yan uwan nasa ya sa a bakin wuƙa.

Alhaki mafi nauyi da har yau ba a sauke ba yana kan hukuma. Kwamitin Lemu ya sa gazawar gwamnatoci wajen aiwatar da rahotannin kwamitocin baya a sahun farko na musabbabin rikicin, sai nasa rahoton ya bi sahun na bayan. An kama ɗaruruwan mutane a 2011, amma babu wani babban ɗan siyasa da aka ɗaure a kan jinin nan. A 2013 gwamnatin tarayya ta amince da diyyar naira biliyan 5.7 ga jihohi tara, har da Kano. Taimaka wa wanda ya yi asara wajibi ne, sai dai kuɗin daga baitulmali suka fito, wato al'umma ce ta biya, wanda ya ɗauki nauyin ɓarnar bai yi asarar ko kwabo ba. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifukan zaɓe, har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta, sulhu ya fi tone-tone, su dubi Jos: rikicin 2001 bai samu hukunci ba, na zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Nuwamban 2008 ya ci ɗaruruwa, na 2010 ya biyo baya. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, kuma ba ya iya yafe wa wanda ba a nuna masa ba.

Wudil tana da abin da za ta iya yi kafin zaɓen 2027, ba sai ta jira Abuja ba. A garin nan ake horar da jami'an da za su riƙe ofisoshin 'yan sanda na ƙasar gobe. A koya musu cewa binciken rikicin zaɓe ba ya ƙarewa a kan yaron da aka kama da gora, sai an bi sawun kuɗin da motar har gidan da suka fito. Hakimi da dagatai da masu unguwanni sun san kowane baƙo da ke ƙasarsu, sun kuma san yaran da ake tarawa da wanda ke tara su; su kira 'yan takara tun yanzu su gaya musu cewa za a ba da sunaye. Shugabannin kara su zauna da takwarorinsu na kasuwannin kudu su ɗaure alkawarin kare juna tun ba a buga gangar siyasa ba. Limamai su faɗa a kan mumbari, da Hausa ƙarara, cewa jinin baƙo haramun ne ko wa aka ce ya ci zaɓe. Mai ƙuri'a kuma, idan ɗan takarar majalisa ya zo neman goyon bayansa, ya tambaye shi matsayinsa a kan dokar hukunta masu laifukan zaɓe, ya kuma hana ƙuri'arsa ga duk wanda ya shigo gari da 'yan daba a bayansa.