Masu Tashi Daga Ciwon Daji A Khartum: A Yi Hattara Da Bitamin Na Kasuwa

Tun daga 1967 asibitin Zarra da ke Khartum shi ne babbar madogarar masu ciwon daji a Sudan, har da 'yan uwanmu Hausawa na Omdurman da Mai Wurno. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da aikinsa, sannan a Disamban shekarar faɗa ya isa Wad Madani, inda cibiya ta biyu take. Hakan ya raba dubban waɗanda suka gama gashi da allurar daji da likitocinsu, sai da yawa suka koma neman ƙarfin jiki a kwalaben bitamin, irin waɗanda ake samu a kantunan magani da kasuwanni kamar Suk Libya ta Omdurman.

Mu dai mun saba ɗaukar bitamin a matsayin abin da in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba. A 1994 aka fitar da sakamakon gwajin maza mashaya sigari 29,000 a ƙasar Finlan, inda sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, wadda jiki ke juyawa zuwa bitamin A. A 2011 wani gwajin na maza 35,000 a Amurka da Kanada ya gano bitamin E ya ƙara sankarar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17. Haka kuma a 2019 binciken mata 1,134 masu sankarar mama a Amurka ya nuna cutar ta fi dawowa ga waɗanda suka sha B12 ko ƙwayar ayon kafin allura da lokacinta.

Akwai kuma illolin yau da kullum. Yawan bitamin A na lalata hanta. Yawan B6 na jawo mutuwar yatsu da tafin ƙafa, abin da allurar daji kan riga ta haddasa. Bitamin E kan sa zubar jini ga mai shan warfarin. Ita kuwa biotin, wadda mata ke saye don gashin kai ya dawo, tana rikita sakamakon gwajin jini, kamar yadda hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017.

Wannan ba yana nufin a watsar da bitamin baki ɗaya ba. Matar da ke shan letrozole ƙashinta kan yi rauni, don haka likita kan rubuta mata bitamin D da kalsiyam. Wanda aka cire wa ciki kuwa dole ne ya riƙa karɓar B12. Amma likita ne ke yankewa, bayan gwaji.

To, 'yan kasuwa, nan ne namu ya shigo. In mai saye ya ce ya yi jinyar daji, mu tambaye shi takardar likita kafin mu miƙa kwalba. Mu duba ranar lalacewa da rajistar hukumar magunguna ta Sudan, mu kuma guji kayan da suka sha rana a bayan mota. In babu takarda, gara mu tura shi wajen mai ful da adas da ƙwai da lemo. Ribar kwalba ɗaya ba ta kai a mayar da mutum gadon asibiti ba.