Labaran da ke riƙe da ikilisiya a ƙetaren Kogin Kaduna

A majami'un Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi, ba wa'azi kaɗai ke zaunar da mutane a kan benci ba. Akwai lokacin ba da shaida. Mace za ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanen zumunta, ta ce salama gare ku, sannan ta faɗi yadda ɗanta ya tashi daga ciwon da aka fid da rai. Kafin ta zauna an buga tulu, waƙar godiya ta tashi. A cocin Katolika ba a yin haka a tsakiyar Mas, amma ana yi a taron Zumuntar Mata da addu'ar gida-gida. Al'adar tsohuwa ce, sai dai nauyin da take ɗauka ya ƙaru ƙwarai tun daga shekarar 2000.

Dalili na farko shi ne yadda unguwannin suka kafu. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, aiki ya yi ta jawo Bajju, Atyap, Ham, Adara, Tibi da Ibo, suka zo suka tarar da Gbagyi. Kowa da yarensa, sai Hausa ta haɗa su, ga kuma Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassara shi tun 1932. Mutanen da ba dangin iya ba na baba suna bukatar abin da zai mai da su 'yan'uwa, kuma labari ne ya yi wannan aikin.

Sai rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002. Iyalai Kirista da yawa suka bar Rigasa da Tudun Wada suka haye kudancin kogin, Musulmi da yawa kuma suka bar kudu suka koma arewa. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rasa gida da aiki a lokaci guda, majami'a ce wurin da za a saurare shi har ya gama magana.

Amfanin wannan al'ada a fili yake. Shaida tana buɗe aljihu. Wadda ta faɗi halin da take ciki ranar Lahadi, kafin Laraba matan zumunta sun kai mata mudun masara da kuɗin magani. Da aka sace ɗalibai 121 na makarantar Bethel Baptist a Maraban Rido ranar 5 ga Yuli 2021, iyaye suka yi ta taruwa a harabar makarantar suna addu'a, kuma kowane rukunin yara da ya dawo ya zama shaidar da ta ƙarfafa waɗanda ke jira. Haka labarin Michael Nnadi, ɗan shekara 18 mai koyon aikin fada, wanda aka ɗauke daga makarantar Good Shepherd a Kakau a Janairun 2020 aka kashe shi. Matasa suna jin sunansa kusa da su fiye da na shahidan zamanin Roma, domin sun san hanyar Abuja inda aka ɗauke shi.

Abin da ke damuna shi ne labaran da ba a bayarwa. A rikicin 2000 akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗaka, akwai Kiristan da suka yi wa Musulmi haka. Ba kasafai ake jin wannan a gaban bagade ba, na ƙone-ƙone kuwa kullum ana maimaita shi. Yaron da aka haifa a Gonin Gora bayan 2002 bai yi wasan ƙasa da ɗan Musulmi ba, bai ci tuwon Sallah a gidan maƙwabci ba. Abin da ya sani game da Rigasa ji ya yi, kuma rabin labarin aka ba shi. WhatsApp ya ƙara dagula lamarin, domin saƙon murya yana zagaya rukunin ikilisiya kafin wani dattijo ya tambayi inda ya fito. Akwai kuma shaidar samun mota da fili, wadda ke sa tsohon ma'aikacin masaƙa ya sunkuyar da kai kamar bangaskiyarsa ce ta gaza.

Ɗaya rabin labarin bai ɓata ba. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa sun kafa cibiyar sulhu a Kaduna tun 1995, kuma babban makaminsu shi ne tarihin gabarsu da yafiyarsu. A kowace ikilisiya ta kudu akwai dattawan da suka yi shekaru a kan injin saƙa ɗaya da Musulmi, suka yi adashi tare, suka je suna da jana'izar juna. Yawancinsu sun tsufa. Fasto ko katikis da ke tsara sujada zai iya ba su minti biyar a cikin lokacin shaida tun suna da ƙarfin tsayawa.