Fitilar Bene: Me Ke Cin Wuta, Me Ba Ya Ci?

A gidajen haya na Elig-Edzoa da Briqueterie a Yawunde, inda iyalai da yawa ke tarayya a mita ɗaya, da zarar takardar wuta ta zo sai ido ya koma kan doguwar fitilar da ke kwana a kunne a matakalar bene da zaure. Kowa da fatawarsa a kanta, kuma mafi yawansu ji-ta-ji-ta ce.

Wadda ta fi yawo ita ce wai kunna fitilar ya fi barinta a kunne cin wuta. Wannan ba gaskiya ba ne. Wutar da take zuƙa lokacin tashi ba ta wuce ta 'yan daƙiƙoƙin haske ba. Abin da ke da ƙamshin gaskiya shi ne yawan kunnawa da kashewa yana rage mata kwana, domin kowane tashi yana cin wayoyin da ke bakinta biyu, shi ya sa kake ganin bakin ya yi baƙi idan ta tsufa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ba da ma'auni mai sauƙi: idan za a bar wuri fiye da minti 15, a kashe.

Sai masu cewa a sayo makunnin nan mai juyawa a rage mata haske. Nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. An yi wannan makunni ne don tsohon ƙwai mai zare. Doguwar fitila kuwa tana aiki da cok da sitata, kuma idan aka rage mata wuta sai ta kama ƙyafta ido da gurnani, ƙarshe ta mutu ko makunnin ya lalace. Ana iya rage haskenta, amma sai an sa mata cok na musamman da aka ƙera don haka, wanda a ganina bai cancanci kuɗinsa a gidan haya ba. Haka ma fitilar da ta tsufa take ta ƙifce-ƙifce: kada a ce ai ba ta cin komai. Tana ci, kuma cok ɗin yana ɗaukar zafi.

Bari mu yi lissafi. Fitila mai wat 36, da cok irin na da mai cin kusan wat 9, idan tana aiki awa 12 kowane dare, za ta ci kilowat-awa 16 a wata. A jadawalin farashin da hukumar kula da wutar lantarki ta Kamaru, ARSEL, ta fitar a 2012, gidan da ke cin tsakanin kilowat-awa 111 da 400 a wata yana biyan sefa 79 kan kowane ɗaya. Ke nan jaka ɗaya da 'yan kai. Doguwar LED mai wat 18 tana ba da haske kusan daidai, a ƙasa da rabin wannan kuɗi, kuma kunnawa da kashewa ba ya damunta. Idan aka haɗa ta da makunni mai kashe kansa bayan 'yan mintuna, ko mai jin motsin mutum, kuɗin sai ya zama ba a bakin komai ba.

Abin da ke damuna shi ne masu cire fitilar gaba ɗaya da sunan tattali. Dattijon da ke sauka sallar asuba yana lalube, da mai juna biyu da ke hawa da bokitin ruwa a kan siminti mai santsi da damina, su ne za su biya. Ɗaurin karaya ɗaya ya fi kuɗin hasken shekara.

Maganar cewa akwai guba a cikin doguwar fitila mai cok gaskiya ce: tana ɗauke da ɗan sinadarin makuri. Shi ya sa a taron Yarjejeniyar Minamata a Janiba a 2023 aka amince a daina ƙera irinta da cinikinta tsakanin ƙasashe zuwa 2027. Idan taku ta mutu, kada ku bar yara su fasa ta, kuma ku gaya wa mai gyaran wuta ya cire cok da sitata ya sa muku LED.