Inda Katangar Kansas City Ta Tsage

Ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a agogon Najeriya aka take wasan, daren Lahadi 9 ga Fabrairu 2025, wayewar Litinin. Na haɗa shayi na zauna ina sa ran ganin tarihi, domin Kansas City Chiefs na neman kofin Super Bowl karo na uku a jere, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi. Kafin a tafi hutun rabin lokaci a New Orleans, Philadelphia Eagles na da maki 24, Chiefs ba su da ko ɗaya. Aka tashi 40 da 22. Patrick Mahomes, mai jefa ƙwallon Chiefs, wanda na sha gani yana sulɓewa daga hannun ƙarti kamar tarwaɗa, sau shida aka kai shi ƙasa a wannan dare. Ban iya barci ba, kuma ba rashin nasarar ce ta hana ni ba. Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai.

A ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu, kowane hari daga hannun mai jefa ƙwallo yake farawa. A gabansa akwai ƙarti biyar, kowannensu ya haura kilo 130. Ba su ake jefa wa ƙwallo ba, ba kuma sunansu ake kira idan an ci maki ba. Aikinsu su zama katanga na daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku, har mai jefawa ya hango wanda zai ba. Ɗaya yana tsakiya, shi ke miƙo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa. Biyu na ciki suna hagunsa da damansa. Biyu na gefe suna tsare ƙarshen katangar. Idan maharan abokan karawa suka keto suka kayar da mai jefawa da ƙwallo a hannunsa, an rubuta kayarwa ɗaya ke nan.

Shekara biyu kacal kafin wannan dare, ranar 12 ga Fabrairu 2023, waɗannan ƙungiyoyi biyu sun haɗu a wasan ƙarshe a Arizona. Eagles na wancan lokaci sun zo da kayarwa 70 a kakar wasa ɗaya, mutum huɗu daga cikinsu kowanne ya haura goma. Mahomes kuma da ciwon idon sawu ya shiga, ya ma ƙara fama shi kafin hutu. Duk da haka ko sau ɗaya ba a kayar da shi ba, Chiefs suka ci 38 da 35. Eagles na 2024 ba su ko kusanci wancan adadi na 70 ba, Mahomes kuma ƙafarsa ta fi ta wancan karon lafiya. Kocin Chiefs bai sauya ba, Andy Reid ne. Uku daga cikin 'yan katanga biyar ma su ne dai. To me ya mayar da babu zuwa shida?

Wanda aka fara nunawa da yatsa shi ne Mahomes, shi ma da bakinsa ya ɗauki laifi bayan wasan. Sau biyu ya jefa ƙwallo a hannun abokan karawa, sau ɗaya ta suɓuce masa. Ta farkon Cooper DeJean ya cafke ya ruga da ita har gida, ranar da ya cika shekara 22 a duniya. Wannan kam kuskuren Mahomes ne. Amma ta biyun na maimaita kallonta ya fi sau goma. Chiefs suna dab da layin gidansu, saura kaɗan a tafi hutu. Ana miƙo ƙwallo, Josh Sweat na Eagles ya dafa ƙirjin mai tsaron gefen hagu da hannu, ya yi ta tura shi baya kamar mai tura amalanke, har ya haɗa shi da jikin Mahomes daidai lokacin da ƙwallon ke barin hannunsa. Ƙwallo ta tafi a karkace, Zack Baun ya yi tsalle ya cafe. Na tsayar da hoton don in ga lambar rigar wanda aka tura. Lamba 62 ce. Na riƙe ta a raina na ci gaba.

Wasu sun ce ai tun farko filin Arizona ne ya rufa wa Chiefs asiri a 2023. Gaskiya ne ciyawar ranar tana da santsi, an ga 'yan wasa na zamewa, wasu har takalma suka sauya, Haason Reddick na Eagles kuma ya koka da filin a fili. Mahari mai lanƙwasa jiki yana zagaye kwana ya fi kowa buƙatar ƙasa mai riƙe ƙafa. Na yarda santsin ya rage musu kaifi. Sai dai wannan bayanin babu ne kawai, bai bayyana shida ba.

Na koma ga dabarar Eagles, a nan ne kuma al'amarin ya ƙara ɗaure mini kai. A ka'ida mutum huɗu ke kai hari kan mai jefawa. Idan ƙungiya tana son rikita shi sai ta ƙaro na biyar ko na shida, ta bar bayanta da ƙarancin masu tsaro. Mahomes ya shahara da hukunta masu yin haka. Vic Fangio, kocin tsaron Eagles, bai ƙaro ko mutum ɗaya ba daga farkon wasan har ƙarshe. Huɗu ya tura, bakwai suka koma baya suka toshe duk wata kafa. Wato mutum huɗu ne suka rinjayi biyar, dare guda cur. Sweat shi kaɗai ya tashi da kayarwa biyu da rabi, Milton Williams da biyu. Idan huɗu suka fi ƙarfin biyar, a cikin biyar ɗin za a nemi dalili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko rowa ce ta ja musu? Wannan zato ma bai daɗe ba ya faɗi. Chiefs sun taɓa shan irin wannan kashi ranar 7 ga Fabrairu 2021, lokacin da Tampa Bay ta doke su 31 da 9, Mahomes ya wuni yana gudun ceton rai. Bayan wata guda suka shiga kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, suka ɗauko Joe Thuney daga New England Patriots a kan dala miliyan 80 na shekara biyar. Suka yi musaya da Baltimore Ravens suka karɓo Orlando Brown don gefen hagu. A zaɓen matasa daga jami'o'i suka ɗauki Creed Humphrey a zagaye na biyu, da Trey Smith a zagaye na shida, wanda ƙungiyoyi suka yi ta tsallakewa saboda ya taɓa fama da daskarewar jini a huhu. Wannan katanga ce, tare da Andrew Wylie a gefen dama, ta hana Eagles taɓa Mahomes a 2023. Daga baya suka ba Jawaan Taylor dala miliyan 80, suka sabunta wa Humphrey a kan miliyan 72. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba za a kira shi marowaci ba.

Sai na juya zaton: ko kuɗin ne ya tafi a banza, kamar yadda masu adawa da sayen 'yan katanga masu tsada ke faɗa? A kan Thuney dai ban yarda ba. An zaɓe shi cikin gwanayen gasar na sahun farko a 2023 da 2024, ya kuma ɗauki kofi biyu da Chiefs bayan biyun da ya ɗauka da Patriots. Cinikinsa na daga cikin mafi albarka da na sani.

Kuma shi ne mai lamba 62.

Da na ɗauko hoton wasan 2023 na ajiye kusa da na 2025, sai abin ya fito sarari. A na farko, 62 yana ciki, kafaɗa da kafaɗa da Humphrey, Orlando Brown na tsare masa hagu. A na biyu ya matsa taku ɗaya waje, shi ne ƙarshen katangar, gurbinsa na ciki kuma wani ɗan benci ne, Mike Caliendo. Taku ɗaya ne a ido, amma sana'a biyu ce daban. Na ciki kokawar lungu yake yi: akwai mutum a hagunsa, akwai a damansa, abokin karonsa a gabansa yake, ƙarfi da saurin hannu ke raba gardama. Na gefe kokawar fage yake yi, babu kowa a gefensa sai fili. Da baya da baya yake tafiya, yana jan ƙafa, yana tarar mutumin da ya fi shi gudu kuma ya taho da ƙarfinsa. Abin da ke cetonsa tsawon hannu ne, ya riga mahari taɓa ƙirji. Hannuwan Thuney gajeru ne idan aka gwada da na masu wannan gurbi, na Sweat kuwa dogaye ne. Gefen hagu kuma shi ne bayan mai jefawa da hannun dama irin Mahomes, ba ya ganin abin da ke tahowa ta nan. Akwai kuma sabo. Maharai kan yi giciye, na waje ya faɗo ciki, na ciki ya zagaya waje, dole maƙwabta biyu su miƙa wa juna mutum ba tare da magana ba. Wannan sai an daɗe tare. Da aka matsar da Thuney, gurbi biyu aka raunana don a toshe ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne haka aka yi a 2021: mai tsaron gefen hagu Eric Fisher ya tsinke jijiyar dunduniya, aka kai Mike Remmers hagu, aka fitar da Wylie daga ciki zuwa gefen dama.

Saura tambaya ɗaya, wadda ita ce ainihin maganar. Me ya sa ƙungiya mai wannan kuɗi ta isa wasan ƙarshe ba ta da mai tsaron gefen hagu?

A Maris 2023 kwantiragin Brown ya ƙare ba a daidaita ba. Chiefs suka riga suka kashe miliyan 80 ɗinsu a kan Taylor, wanda a gefen dama ya yi wa Jacksonville Jaguars wasa, ana maganar za a mayar da shi hagu. Kwana kaɗan bayan haka Brown ya tafi Cincinnati Bengals a kan miliyan 64 na shekara huɗu, ƙasa da abin da aka ba Taylor. Taylor bai koma hagu ba, a kakarsa ta farko kuma ya fi kowa a gasar jawo hukuncin alƙalin wasa. Aka toshe hagun da Donovan Smith na shekara ɗaya, aka ci kofi a kan San Francisco 49ers, nasara ta rufe tsagar. A 2024 suka gwada sabon yaro Kingsley Suamataia, bayan wasa biyu aka zaunar da shi. Suka gwada Wanya Morris. Suka ɗauko D.J. Humphries a Nuwamba, ya ji ciwo a wasansa na farko. A Disamba Reid ya juya ga Thuney, shi kuma ya karɓa bai yi gardama ba, ya riƙe gurbin har suka kai New Orleans. Ina ganin girmansa a kan haka.

Kasuwar ce ba ta sayar da abin da suke nema. Gasar tana da iyakar albashi, dala miliyan 255.4 ga kowace ƙungiya a 2024, don haka kowa na zaɓar wanda zai riƙe. Akwai kuma doka da ta ba ƙungiya damar ɗaure ɗan wasa ɗaya na shekara guda a kan farashin da aka ƙayyade, kuma farashi ɗaya ne ga duk 'yan katanga, albashin na gefe ne ke ɗaga shi. Ɗaure na gefe da wannan kuɗi ciniki ne mai kyau, ɗaure na ciki kuwa tsada ne, karo na biyu ma sai an ƙara kashi 20 cikin ɗari. Patriots sun ɗaure Thuney a 2020, ba su maimaita ba, shi ya sa gwani irinsa ya fito kasuwa da ƙarfinsa. Gwanin gefen hagu kuwa da wuya a bari ya fito. A 2021 Chiefs sun nemi Trent Williams, San Francisco ta riƙe abinta da miliyan 138 na shekara shida. Wanda kan fito galibi akwai dalilin da masu shi suka sake shi, kuma sun fi kowa sanin gwiwarsa da bayansa. New York Giants sun mayar da Nate Solder ɗan katanga mafi albashi a 2018 da miliyan 62, ba su ga abin da suka biya ba. Patriots da suka sake shi suka sa Trent Brown a gurbinsa suka ci kofi a kakar nan. Raiders suka sayi Trent Brown da miliyan 66, bayan shekara biyu suka mayar wa Patriots shi.

Ra'ayina ke nan a kan tambayar da magoya baya ke ta gardama a kai duk watan Maris. A sayi na ciki mai tsada idan gwani ne kuma ba a daɗe ana dukan jikinsa ba, a bar shi a gurbin da aka saye shi dominsa. Na gefen hagu kuwa renonsa ake yi. Katangar da ta tsaya wa Eagles a daren shaida ce. Lane Johnson zaɓinsu ne tun 2013, Landon Dickerson da Cam Jurgens ma su suka zaɓo. Mekhi Becton kaɗai suka ɗauko daga waje, da araha, na shekara ɗaya. Mai tsaron hagunsu, Jordan Mailata, ɗan wasan zari-ruga ne daga Ostareliya da bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba lokacin da suka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018. Kocin katangarsu Jeff Stoutland ya yi shekara biyu yana koya masa tsayuwa da jan ƙafa kafin a sa shi a wasan gasa ko sau ɗaya.

Wata guda bayan New Orleans, Chiefs suka miƙa Thuney ga Chicago Bears a madadin zaɓin zagaye na huɗu na 2026, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai. Suka ba Jaylon Moore, wanda ke zaman jiran Trent Williams a benci a San Francisco, dala miliyan 30 na shekara biyu. A Afrilu, da zaɓinsu na zagayen farko, na 32, suka kira sunan Josh Simmons na jami'ar Ohio State, mai tsaron gefen hagu da ya kai gare su saboda ya tsinke jijiyar gwiwa a watan Oktoban da ya gabata.