Kyalami: Filin Tseren Motoci da Ke Neman Dawo da Gasar Formula One Afirka

Rabon da a gudanar da gasar tseren motoci ta Formula One a nahiyar Afirka tun shekarar 1993, lokacin da Alain Prost na ƙasar Faransa ya yi nasara a filin Kyalami da ke arewa da birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Har yau wannan fili ne ke kan gaba cikin waɗanda ake sa ran za su dawo da gasar, tare da baƙi da kuɗin shigar da take jawowa.

An buɗe Kyalami, wanda ma'anarsa "gidana" a harshen Zulu, a shekarar 1961. Tsohon tsarinsa ya yi suna ne saboda doguwar miƙaƙƙiyar hanya inda motoci ke ƙure gudu kafin su taka birki a kwanar Crowthorne. Amma bayan tseren 1985, wanda kamfanonin Renault da Ligier suka ƙaurace wa saboda mulkin wariyar launin fata, gasar ta bar ƙasar. Daga bisani aka sayar da wani ɓangare na filin domin gine-ginen kasuwanci, kuma doguwar hanyar ta tafi tare da shi.

A yanzu tsawon hanyar ya ɗan haura kilomita 4.5, tana da wuraren shan kwana guda 16, kuma motoci na zagaya ta saɓanin tafiyar hannun agogo. Akwai hawa da gangara, ciki har da gangaren da ake kira Mineshaft, wato ramin haƙar ma'adinai. Har ila yau, filin yana bisa tudu mai kimanin mita 1,500 daga doron teku, inda ƙarancin iska ke rage wa inji ƙarfi, ya kuma rage yadda iska ke danne mota a kan kwalta yayin shan kwana.

A shekarar 2014 ɗan kasuwa Toby Venter ya sayi filin a gwanjo a kan Rand miliyan 205, ya sabunta shi har ya kai daraja ta biyu a ma'aunin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA. Sai dai Formula One ba ta amincewa da ƙasa da daraja ta ɗaya. A shekarar 2025 hukumar ta amince da zanen gyaran, wanda bai taɓa tsarin hanyar ba. Aikin ya shafi faɗaɗa filayen gefen hanya inda motar da ta ƙwace za ta tsaya, da ƙarfafa shinge, da gyaran magudanun ruwa.

Gyaran ba shi ne babban nauyi ba. Mai masaukin gasar kan biya miliyoyin daloli a kowace shekara, kuma a watan Disamba na 2024 ƙasar Ruwanda ta bayyana cewa ita ma tana neman wannan dama.