Mai Zane Da Rumfarsa A Intanet

A ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai masu aikin hannu da yawa waɗanda gwanintarsu ba ta wuce kasuwar garinsu ba. A cikinsu akwai masu zayyanar allo, da masu zanen ƙwarya, da dukawa, da masu ɗinkin hula, da magina masu yi wa soro ado. A dā, mai zane a gari kamar Dosara sai ya jira ranar kasuwa, ko kuwa dillali ya kwashi kayansa da araha ya kai birni, can a sayar ba wanda ya san hannun da ya yi su. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kana Facebook da WhatsApp da Instagram suka biyo baya, mutum ya na iya kafa rumfar da mutanen Kano da Maraɗi da Ingila za su leƙa, shi kuwa ya na zaune gida.

Amma ciniki ta wannan hanya kusan cinikin biri a sama ne, gama mai saye hoto kaɗai ya ke gani. Saboda haka jarin mai zane shi ne sunansa da amanarsa. Ya kamata hakimai da magatakarda su fahimtar da masu sana'a abubuwan nan.

Na fari, mutum ya riƙe suna ɗaya a ko'ina, ya kuma sa shi a jikin aikin da kan hoton. Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda ta shiga makarantar Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja, a 1954, ta kan buga alamar sunanta a kan kayanta. An nuna su a Landan, ga hotonta kuma a bayan takardar naira 20.

Na biyu, a ɗauki hoto da hasken safe a inuwa, bisa ƙyalle marar ado, a rubuta girman abin, da kayan da aka yi shi da su, da kuɗinsa. Nan ne magatakarda zai taimaki wanda bai iya boko ba. Nuna aiki sa'ad da a ke yinsa ya kan kau da shakka, gama gani ya kori ji.

Na uku, a tuna rumfar nan a filin wani ta ke. A farkon Satumba 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara duka saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wurare har kusan wata uku. An kuma dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Lalle ne mai zane ya rubuta sunayen masu saye da lambobinsu a littafi, ya ajiye hotunansa a wuri na biyu, ya kuma sami amintaccen wakili a wani gari.

Na huɗu, kada a nuna ƙofar gida, ko iyali, ko kuɗin da aka samu, ko ranar tafiya, domin ba mai saye kaɗai ke kallo ba.

Game da satar zane kuwa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare aikin mai zane muddin ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma ba shi ikon neman a sauke aikinsa daga shafin da aka sa shi ba da izninsa ba. Hakimin da ya sa aka rubuta masu sana'ar ƙasarsa da irin aikin kowannensu, ya tanadar musu shaida ranar da gardama ta taso.