Daga Galma zuwa Sakkwato: Yadda ake dawo da amon jitar zamanin kaset da na'urorin zamani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Madawa, Buza ko Keita a shekarun 1990 ya san wannan amo. Rikoda ce a kan tabarma, shayi na kan wuta, batir ya fara sanyi, jita na fita daga 'yar lasifika da kaushi-kaushi, tana ɗan rawa kamar mai jin sanyi. Yawancin kaset ɗin ba su da suna a jiki. Wani ne ya dawo da su daga Libiya ko Aljeriya, aka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu.

A yau matashin da ya sayi jitar lantarki a Yamai, Kano ko Abijan yakan haɗa ta da sabuwar amfilifaya, ya kaɗa waƙar da ya ji tun yana yaro, sai ya ji sautin ya fito tas, amma wani abu ya ɓace. Abin da ya ɓace ɗin shi ne yanzu kamfanoni a Amurka da Japan ke ƙera na'urori domin kwaikwayonsa, suna sayarwa da tsada.

Asalin amon

Ƙaramar hukumar Galma Koudawatché tana cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa, yankin da Hausawa da Abzinawan Kel Gress suka daɗe suna zaune tare. Yanki ne na noman albasa a kwarin Tarka, kuma yanki ne na 'yan bida. Tafiya neman kuɗi ce ta kai samari arewa, ita ce kuma ta dawo da kiɗan jita gida.

Kiɗan da ake kira ishumar, kalmar da ta samo asali daga Faransanci mai nufin marar aikin yi, ya tsiro ne a tsakanin samarin Abzinawa masu gudun fari da talauci a Aljeriya da Libiya daga ƙarshen shekarun 1970. Ƙungiyar Tinariwen ta Ibrahim Ag Alhabib ce ta fi shahara. A Nijar kuwa, Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne jagora. A lokacin tawayen da ya ɓarke bayan rikicin Cintabaraden na watan Mayun 1990, har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, riƙe irin waɗannan kaset na iya jawo wa mutum matsala da hukuma. Don haka babu situdiyo, babu kamfani. Rikoda ɗaya ake ajiyewa a tsakiyar ɗaki a danna.

Rashin kayan aiki ne ya haifar da amon. Zaren kaset yana tafiya a hankali, santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ba ya riƙe sauti mai kaifi sosai. Duk kwafi ɗaya da aka yi, kaifin ya ƙara raguwa, shuuu ɗin da ke bayan kiɗa ya ƙaru. Idan batir ya yi rauni ko robar cikin rikoda ta saki, gudun zaren sai ya riƙa canzawa, muryar jita ta riƙa hawa da sauka. Ga kuma 'yar amfilifaya da aka murɗa har ƙarshe domin mutanen biki su ji, tana fitar da abin da ya fi ƙarfinta.

Turawa ma daga kuskure suka samo nasu. A Nashville ta Amurka, wata na'urar situdiyo ce ta lalace ana cikin ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna Don't Worry, wadda ta fito a 1961, sautin ya fito da kaushi, jama'a kuma suka so shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera abin da zai maimaita wannan lalacewa, aka fara sayar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. A 1964 kuma Dave Davies na ƙungiyar The Kinks a Ingila ya sa reza ya tsaga lasifikarsa da gangan.

Ɗan jihar Tawa da ya kai amon duniya

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Cintabaraden da Abalak ne a arewacin jihar Tawa. Ganin Abdallah Oumbadougou yana wasa ne ya sa ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, duk da iyayensa ba su so ba. Bahago ne, kuma shi ma ya yi zaman bida a Libiya.

A 2008 ya tsallaka Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. A can ya haɗa jitar Abzinawa da injin ganga da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun yaɗu ta Bluetooth da memori, daga waya zuwa waya, har Mali. A can Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga ciki, Tahoultine, ya shiga neman mai ita, sannan ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones na 2011.

Daga nan Mdou ya fito a fim a 2015, ya fitar da Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. A yau yana hawa manyan dandamali da Fender Stratocaster ta bahagwai, jaridun Turai na kwatanta shi da Jimi Hendrix. Wanda ya san bikin ƙauye a Adar kuwa zai gane kaushin nan nan take: amon amfilifayar da aka matsa wa ne, aka ƙara masa girma.

Daga jihar dai aka samu Les Filles de Illighadad ta Fatou Seidi Ghali, waɗanda kundinsu na farko ya fito a 2016. Su amon jitarsu a wanke yake, yana tafiya da tafi da gangar tende, wadda ake yi da turmi da fatar akuya.

Yadda ake haɗa shi da feda

Feda 'yar akwati ce da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, a taka ta da ƙafa ta canza sauti. Ga mai son amon zamanin kaset, abubuwa biyar ne za a jera.

Na farko, kaushi. Feda mai tura sauti kaɗan ta wadatar. Kada a murɗa ta ta wuce kashi ɗaya cikin uku, domin tsohon amo yana barin kowace tsirkiya ta fito. Mai son tsawa irin ta Mdou sai ya nemi faz, irin Fuzz Face da aka fara yi a 1966, wadda Hendrix ya yi amfani da ita.

Na biyu, rage faɗin sauti. Boss GE-7 tana da maɓallai bakwai, daga 100 zuwa 6.4k. A sauke na farko da na ƙarshe, a ɗaga na 800 da na 1.6k kaɗan. Nan take jita za ta koma kamar tana fita daga ƙaramar rikoda.

Na uku, rawar murya. Feda mai girgiza sauti, a sa gudunta a hankali ƙwarai, zurfinta kaɗan. Idan mai saurare ya lura da ita, ta yi yawa. Feza irin MXR Phase 90 ta 1974 kan ba da wani juyi kamar iska a cikin kwari.

Na huɗu, amsa-kuwwa gajeriya, kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, maimaici ɗaya tak. Wannan shi ke kwaikwayon bangon ɗakin ƙasa. Roland Space Echo ta 1974 da zaren kaset na gaske take yin wannan aiki, kuma Boss ta sake fito da ita a siffar feda, RE-2 da RE-202, a 2022.

Na biyar, tsari. Daga jita a fara da faz ko mai turawa, sai mai rage faɗi, sai mai girgizawa, amsa-kuwwa ta zo ƙarshe kafin amfilifaya.

Akwai ma fedar da aikinta kaɗai shi ne lalata sauti irin na tsohon kaset. Generation Loss MKII ta kamfanin Chase Bliss, wadda ta fito a 2022, kusan dala 400 aka sa mata, wato sama da jika 200 na sefa. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, na'ura ɗaya mai tattare da komai irin Zoom G1 Four za ta yi masa duk matakan nan, kuma tana aiki da ƙananan batura huɗu ko da fawa-banki. Hanya mafi araha kuwa ita ce ta asali: a ɗauki kiɗan a tsohuwar rikodar gida, a mayar da shi waya.

Zafi, ƙura da wuta

'Yan uwa da ke bida masu son aiko wa ƙannensu kaya, akwai abin lura. Faz ɗin da aka yi da tiranzistan jamaniyom, wadda masana ke yabo, ba ta son zafi; amonta na canzawa idan rana ta yi, kuma a Madawa zafi kan haura maki 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ta silikon ta fi jure wa ƙasarmu.

Yawancin feda bolt 9 suke ci, kuma kan cajarsu a juye yake da na sauran kayan gida. Wanda ya jona cajar da ba tata ba, ko ya haɗa ta kai-tsaye da batirin sola mai bolt 12, yana iya ƙona ta. Wutar janareto kuma tana shigar da gunji cikin sauti, shi ya sa batir ya fi a wurin biki. A rufe na'ura cikin jaka lokacin hunturu, domin ƙura ce ke fara kashe maɓallai.

Abin da feda ba ta sayarwa

Ko an tara duk waɗannan, idan hannu bai iya ba, amon ba zai zo ba. Makaɗan ishumar da yatsu suke kaɗawa. Babban yatsa na riƙe tsirkiya mai kauri tana gunji ba tsayawa, manuniya na zagaya waƙar, ɗaya hannun na dannawa yana fizgewa da sauri. Da yawa kan ƙara ɗaure tsirkiya mafi kauri daga Mi zuwa Sol. Wannan salo ya fi jita tsufa. Daga molo da danginsa ya fito, kuma yaron da ya tashi yana jin gurmi da garaya a Adar ya riga ya ɗauke shi a kunne.

Wurin koyonsa kuwa shi ne kaset ɗin kansu, waɗanda ke cikin adakar tsofaffi a Galma, Buza da Keita. Zafi na cin zarensu, masu gyaran rikoda na ƙarewa a kasuwanni, da yawa kuma kwafi ɗaya ne ya rage. Akwai cibiyoyi a Yamai irin IRSH da makarantar kiɗa ta CFPM Taya da ke adana kayan tarihi, amma ba za su iya bin gida-gida ba. Rikoda mai aiki, waya da 'yar igiyar haɗi sun isa a ceci kaset ɗaya cikin sa'a ɗaya. A rubuta sunan makaɗin, garin da shekarar idan tsohon da ya ajiye shi yana tunawa, a kuma nemi izinin mai waƙar ko iyalansa kafin a watsa a intanet.

Kamfanin feda zai iya sake ƙera wata gobe. Kaset ɗin da kawu ya dawo da shi daga Libiya kuwa, idan zarensa ya narke, shi ke nan.